Ranar Da “Ƙasa” Ta Koma “}asa”

Duk wanda ya taɓa karɓar tsohon rubutun Hausa a fayil, daga hannun marubuci ko daga wata maɗaba'a, ya buɗe shi a sabuwar kwamfuta, ya san wannan takaicin. Shafi ya fito, layuka sun jeru, amma “ƙasa” ta zama “}asa”, “ɗaya” ta zama “]aya”, “ɓangare” ya zama “~angare”. Rubutun yana nan, sai dai kamar shinkafar da aka watsa wa tsakuwa. Ba ƙwayar cutar kwamfuta ce ta shiga ba, kuma mai bugun bai yi kuskure ba. Fayil ɗin ne ya zo neman wani tsohon abokin tafiyarsa, bai same shi a sabon gida ba.

Asalin maganar yana shekarun 1990, lokacin da kwamfuta ta fara shiga ofisoshi da maɗaba'u a Kano da Zariya da Kaduna. Injin ya zo da haruffan Turawa kaɗai, babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Masu buga Hausa suka shiga tsaka mai wuya: ko su bar mai karatu yana canki-canki tsakanin “kafa” da “ƙafa”, ko su bi shafin da biro suna lanƙwasa kan haruffa bayan ya fito daga firinta. Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero yana cikin waɗanda suka share wa mutane hawaye, da samfuran haruffa irin su Rabi'at da Abdalla. Dabarar irin waɗannan samfura ita ce a ɗauki maɓallan da rubutun Hausa bai cika buƙata ba, kamar alamomin baka-biyu iri-iri, a zana haruffa masu lanƙwasa a gurbinsu. Ido yana ganin ƙ, amma abin da kwamfuta ta adana a cikinta alamar baka ce. Muddin samfurin yana kan injin, komai lafiya lau. Ranar da fayil ya koma injin da ba shi da samfurin, ranar asiri yake tonuwa.

Babu mai hankalin da zai zargi waccan dabara. Ta yi rana a lokacin da babu wata mafita, kuma da ita aka buga littattafai da mujallu da kundayen digiri masu yawan gaske. Daga baya tsarin Unicode, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta kansa, ya samu karɓuwa, har ta kai yau wayar hannu ma tana rubuta ƙ salin-alin. Amma abin da aka buga ta tsohuwar hanya bai gyara kansa ba. Yana nan kwance a faya-fayai da tsofaffin injuna.

Wannan ƙaramin reshe ne na matsalar da ta game duniya, wato makomar tsohuwar manhaja da aikin da aka yi da ita idan aka sauya babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta. Mutane da yawa, har da wasu masu gyara, suna ɗaukar abin a matsayin taurin kan wanda ya ƙi zamani. Ba haka ba ne. Wanda ya rungumi tsohuwar manhaja ba tsufanta yake so ba, gumin shekarunsa ne a ɗaure a jikinta. Sa ta tashi a sabon inji abu ne mai yiwuwa sau da yawa, kuma ya kamata a san hanyoyinsa. Amma aikin da ya fi gaggawa shi ne a kwance wancan gumin daga jikinta tun tana da sauran numfashi.

A shagunan buga takardu da ƙananan maɗaba'u, ba wuya a ga wata kwamfuta a lungu, ta sha ƙura, an hana yara taɓa ta. Galibi Windows XP ce a kanta, wadda ta fito a 2001, ko Windows 7 ta 2009. Dalilin ajiye ta shi ne PageMaker, manhajar tsara shafukan littafi da jarida da kamfanin Aldus ya fitar a 1985, Adobe ya saye a 1994, ya fitar da zubinta na bakwai kuma na ƙarshe a 2001, sannan ya jingine ta ya koma kan InDesign. A cikin wannan injin na lungu akwai tsarin littattafan da idan marubuci ya dawo yana son sabon bugu, nan kaɗai za a iya buɗe su. Haka abin yake a ɗakin gwajin jini da injinsa bai san kowace kwamfuta ba sai wadda aka kawo shi da ita, da makarantar da ke fitar da sakamakon ɗalibai da wata manhaja da wani matashi ya rubuta mata shekaru da suka wuce, ya bar gari, lambarsa ma ba ta shiga.

Don a gane inda gizo ke saƙa, sai an san cewa manhaja ba ta magana da injin kai tsaye. Idan tana son adana fayil, ko zana wani abu a allo, ko tura shafi firinta, babbar manhaja take roƙa, ita kuma ta isar da saƙon. Zama ne irin na mai gida da ɗan haya. Ɗan hayar da ya shekara goma ya san ƙofar da ake bi, ya san inda ake ajiye mabuɗi. Idan aka rushe gidan aka sake gini, sai ya zo ya tarar da bango a inda ya saba ganin ƙofa.

Wani lokaci sauyin na tsaro ne. A zamanin Windows 98 da XP, manhaja takan zuba bayananta duk inda ta ga dama, har cikin ɗakunan da babbar manhaja ke ajiye kayanta. Da Windows Vista ta fito a 2007, sai aka sa wa waɗannan ɗakuna kwaɗo. Don kada tsofaffin manhajoji su faɗi, Windows takan karɓi abin da suka rubuta ta kai shi wata ɓoyayyiyar jaka a cikin asusun mai kwamfutar, ta bar su suna zaton yana inda suka saba. Dabara ce mai kyau, amma tana da tarko. Mai shagon magani zai kwafi jakar manhajarsa yana murna ya ajiye lissafin kayansa, ranar da injin ya mutu ya tarar abin da ya kwafa tsohon lissafi ne, na gaskiyar yana can wani lungu da bai taɓa leƙawa ba.

Wani lokaci kuma bangon na ginin injin ne. Manhajojin zamanin DOS da Windows 3.1 an rubuta su ne da tsarin bit 16, na zamanin Windows 95 zuwa XP galibi bit 32, na yanzu kuma bit 64. Windows mai bit 64 tana iya ɗaukar manhajar bit 32 ba tare da mai ita ya lura da komai ba, amma ba ta ɗaukar ta bit 16 ko kaɗan. Abin da ke ruɗa mutane shi ne manhajoji da yawa na ƙarshen shekarun 1990 su kansu bit 32 ne, amma ɗan mashigin da ke ɗora su a kan inji bit 16 ne. Sai a sa faifai, a danna, a ga saƙon ƙin amincewa, mai gyara ya ce “ba ta hawa”, alhali da za a kwaso ta daga injin da aka riga aka ɗora ta, wata sai ta tashi. Windows 10 tana da zubi mai bit 32 wanda ya ci gaba da ɗaukar irin waɗannan tsofaffi. Windows 11, da ta fito a Oktoban 2021, bit 64 ce zalla. Ke nan ranar 14 ga Oktoban 2025, da Microsoft ya janye tallafinsa na yau da kullum daga Windows 10, an rufe wata ƙofa da ta shafe fiye da shekara talatin a buɗe, kuma mutane kaɗan ne suka ji ƙarar rufewarta.

Mafi taurin kai a cikinsu duka shi ne abin da masu gyara ke kira direba, wato ƙaramar manhajar da ke haɗa na'ura da kwamfuta. Direba yana zaune ne a can cikin zuciyar babbar manhaja, saboda haka ba a yi masa wayon da ake yi wa sauran. Direban bit 32 ba ya aiki a Windows mai bit 64, ko da me. Idan kamfanin da ya ƙera sikana ko firinta ko injin awon asibiti bai fitar da sabon direba ba, to na'urar da ƙalau take, ba abin da ya same ta, ta zama kayan ado.

A nan adalci ya sa a yaba wa Microsoft, domin babu wani babban kamfani da ya ɗauki nauyin tsofaffin manhajoji a kafaɗarsa kamar shi. Raymond Chen, injiniyan da ya daɗe a kamfanin, ya ba da labarin yadda a lokacin haɗa Windows 95 wani shugaban aikin ya ɗauki a-kori-kurarsa ya tafi shagon sayar da manhajoji na Egghead, ya sayi kwafi ɗaya na kowace manhajar kwamfuta da ke shagon, ya zube su a gaban ma'aikata, kowa ya ɗauka ya gwada ya kawo rahoton abin da ya ƙi aiki. Joel Spolsky, wanda shi ma ya yi aiki a can, ya ruwaito na SimCity, wasan nan na gina birni. Wasan yana da kuskure a cikinsa: yakan mayar da wani yanki na ma'adanar injin ya ce ya gama da shi, sannan ya koma yana karanta abin da ke ciki. A tsohuwar Windows hakan bai jawo komai ba, amma a sabuwar sai wasan ya faɗi. Maimakon a ce laifin masu wasan ne, sai aka sa wa Windows 95 wani umarni na musamman, idan ta ga SimCity ce ke aiki ta jinkirta karɓe ma'adanar. Har gobe Excel tana ɗaukar 29 ga Fabrairun 1900 a matsayin rana ta gaske, alhali ba a taɓa yin wannan ranar ba. Kuskuren Lotus 1-2-3 ne, aka gaje shi da gangan don lissafin da mutane suka yi a can kada ya ɓaci.

Ba sadaka ba ce, kasuwa ce. Kamfanin ya san cewa wanda ya sayi sabuwar Windows manhajarsa ta ƙi tashi, Windows zai tsine wa. Amma alherin ya zo da illa: ya sa mutane barci. Wanda ya ga manhajarsa ta tsallake daga 98 zuwa XP, daga XP zuwa 7, daga 7 zuwa 10, sai ya ɗauka haka za ta yi ta tafiya har abada.

Masu amfani da kwamfutocin Apple ba su samu wannan barcin ba. Da kamfanin ya koma amfani da masarrafar Intel a 2006, ya sa wani tafinta mai suna Rosetta da ke fassara tsofaffin manhajoji, sannan ya cire shi a 2011. A Oktoban 2019, zubin Catalina ya kori duk manhajar bit 32 a rana ɗaya, har da Office 2011 da mutane suka saya da kuɗinsu. A 2020 ya sake sauya masarrafa, ya kawo Rosetta 2. Apple yana gina gada, ya ba da 'yan shekaru a haye, ya rushe ta.

To wanda ya wayi gari manhajarsa ta ƙi tashi, me ya rage masa? Mataki mafi sauƙi yana cikin Windows ɗin kanta. A bayanan kowace manhaja akwai shafin daidaita tsoho da sabo, inda ake zaɓar a ce mata XP ce ko Windows 7. Abin da wannan ke yi, a taƙaice, shi ne idan manhajar ta tambayi wace Windows ce wannan, sai a ba ta amsar da take son ji, a kuma kwaikwayi wasu tsofaffin halaye. Yakan yi aiki fiye da yadda ake zato, domin manhajoji da yawa ba abin da ya hana su tashi illa sun ga lambar da ba su sani ba sun tsorata. Ga manhajojin DOS akwai DOSBox, kyauta ce, tun 2002 take kwaikwayon tsohon inji sukutum, kuma da ita shagon GOG na ƙasar Folan yake sayar da wasannin shekarun 1990 suna tafiya a injunan yau. Masu amfani da babbar manhajar Linux suna da Wine, aikin da aka fara tun 1993, wanda sau da yawa yake karɓar tsohuwar manhajar Windows da Windows ta yanzu ta ƙi.

Hanyar da ta fi dacewa da mai maɗaba'a ko mai makaranta ita ce kwamfuta a cikin kwamfuta. Da manhaja irin VirtualBox, wadda ake samu kyauta, ana keɓe wani yanki na sabon inji a ɗora masa XP ko Windows 7 cikakkiya, ta buɗe a taga guda kamar kowace manhaja. PageMaker da samfuran haruffanta su zauna a ciki, ba su san duniya ta sauya ba. Microsoft da kansa ya taɓa raba irin wannan tare da manyan zubin Windows 7. Babbar fa'idarta ita ce dukan tsohuwar kwamfutar ta koma fayil, ana iya kwafarsa a ajiye a wuri biyu ko uku. Idan injin ya ƙone, a sayi wani a zuba fayil ɗin, aiki ya ci gaba. Iyakarta kuma ita ce na'urorin da ke buƙatar tsohon soket ko kati na musamman a cikin inji, waɗannan ba kullum suke yarda da kwaikwayo ba.

Kada wani ya ɗauka wannan ciwon talakawa ne. A Nuwamban 2015, a ranar da hazo ya rufe birnin Faris, an dakatar da tashin jirage na ɗan lokaci a filin jirgin sama na Orly saboda wani tsari mai suna DECOR, wanda ke taimakawa wajen sanar da matuƙa nisan da ido zai iya gani a titin jirgi, ya tsaya. A kan Windows 3.1 yake, ta shekarar 1992. A farkon 2024 wata tallar aiki a Jamus ta ja hankalin duniya, ana neman wanda ya san Windows 3.11 don kula da allunan ɗakin direban jirgin ƙasa. Adobe kuwa ya sanar tun 2017 cewa zai kashe manhajarsa ta Flash a ƙarshen 2020, amma ranar ta zo wasu takardun cike haraji na SARS, hukumar haraji ta Afirka ta Kudu, suna kan Flash. Abin da hukumar ta yi a Janairun 2021 shi ne ta fitar da manhajar shiga intanet tata ta kanta wadda Flash ke aiki a ciki, don mutane su samu su biya haraji. An ba ta wa'adin fiye da shekara uku, bai ishe ta ba.

Amma akwai inda tausayin tsohon inji yake ƙarewa, wato bakin intanet. Babbar manhajar da aka daina yi wa faci gida ce da kowane ɓarawo ya san tagar da ba ta rufuwa. Ranar 12 ga Mayun 2017, WannaCry, manhajar da ke kulle bayanan mutum ta nemi kuɗin fansa, ta bazu a ƙasashe kusan 150. A Ingila ta taɓa kusan kashi ɗaya bisa uku na hukumomin asibitocin gwamnati, aka soke ganin likita da tiyata wajen 19,000, wasu asibitoci suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Ma'aikatar lafiyar ƙasar ta ƙiyasta asarar a kan fam miliyan 92. Abin lura a rahoton ofishin binciken kuɗi na ƙasar shi ne yawancin injunan da suka kamu ba XP ba ce a kansu, Windows 7 ce da ke da tallafi a lokacin, an fitar mata da facin tun watan Maris, ba a sa ba. Wato sakaci ya fi tsufa kisa. Duk da haka lamarin ya yi munin da Microsoft ya fitar wa XP faci na gaggawa, shekara uku bayan ya sallame ta a Afrilun 2014.

Saboda haka duk wanda dole ta sa ya riƙe tsohuwar Windows, a inji na gaske ne ko a cikin taga, ya zare mata wayar intanet, ya hana a riƙa soka mata filas ɗin kowane mai wucewa. Injin da ke buga littafi ba shi da abin yi a Facebook. Haka nan masu neman tsohuwar manhajar da aka fasa a shafukan da ba a san asalinsu ba, su sani ta wannan ƙofar ce cuta ta fi shigowa.

Masu kuɗi suna sayen lokaci. A 2014 gwamnatin Birtaniya ta biya Microsoft kimanin fam miliyan 5.5 don ƙarin shekara ɗaya ta faci ga XP da wasu manhajojin zamaninta. A 2015 rundunar sojan ruwan Amurka ta biya sama da dala miliyan 9 don irin wannan. Da Windows 10 ta bi sahu a 2025, aka sa wa kamfanoni dala 61 kan kowane inji a shekarar farko, kuɗin yana ninkawa kowace shekara. Ga ɗaiɗaikun mutane an ba da ƙarin shekara ɗaya zuwa Oktoban 2026, a kan dala 30 ko ta hanyar haɗa injin da asusun Microsoft, kuma sai da ƙungiyoyin kare masu saye na Turai suka matsa lamba aka sassauta wa mazauna can sharuɗɗan.

A nan ne kamfanin da ya cancanci yabo ɗazu ya cancanci suka. Windows 11 tana neman wani guntun tsaro mai suna TPM 2.0, kuma galibi ba ta amincewa da masarrafar Intel da ta girmi ƙarni na takwas, wanda ya fito a 2017. Kamfanin bincike na Canalys ya ƙiyasta cewa kwamfutoci kusan miliyan 240 na iya zama shara saboda wannan. Ina irin waɗannan injuna suke zuwa idan ofisoshin Turai da Amurka suka sallame su? Wani kaso yakan biyo kwantena zuwa Legas da Tema da Kwatano, ya watsu a kasuwannin gwanjo, ɗalibi ko mai shago ya tara kuɗi ya saya yana murna. Injin lafiyarsa ƙalau, zai iya shekara biyar yana aiki, amma an sayar masa da shi ne bayan an yanke masa igiyar tsaro. Mai sayen kwamfutar hannu yau ya kamata ya tambayi ƙarnin masarrafarta kafin ya tambayi girman allonta. Wanda ya riga ya saya kuwa, Linux mai sauƙi irin Linux Mint tana tafiya sumul a kan irin waɗannan injuna tana kuma samun faci, kuma ba abin kunya ba ne: jihar Schleswig-Holstein ta Jamus ta yanke shawara a 2024 ta mayar da kwamfutocin ma'aikatanta kimanin 30,000 kan LibreOffice da Linux.

Duk waɗannan dabaru ne na jinkiri. Kwamfuta a cikin kwamfuta ma wata rana za ta buƙaci wadda za ta ɗauke ta. Turawan Ingila sun koyi wannan da zafi. A 1086 Sarki William ya sa aka ƙidaya filaye da dukiyoyin ƙasar a kundin Domesday, wanda har yau yana nan a ma'adanar tarihi ta Kew ana iya karanta shi. A 1986, don cikarsa shekara 900, BBC ta haɗa sabon kundi na zamani, mutane sama da miliyan ɗaya suka sa hannu, yawancinsu 'yan makaranta, aka zuba hotuna da taswirori da bayanai a manyan faya-fayan laser guda biyu masu buƙatar kwamfuta da na'urar kunnawa na musamman. Kafin 2002 na'urorin sun kusa ƙarewa, sai da masana daga jami'o'in Leeds da Michigan suka ƙera makwaikwayin tsohon injin kafin aka ceto aikin. Fata da tawada sun yi shekara ɗari tara, faifan zamani bai cika ashirin ba.

Bahaushe ba ya buƙatar zuwa Kew ya ga wannan. A Gidan Arewa da ke Kaduna, da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken IRSH a Yamai, akwai takardun da aka rubuta da alƙalamin kara tun ƙarni na 19 da kafin nan, almajirin da ya iya ajami zai zauna ya karanta su yau. Littafin soyayyar da aka tsara a wani shago a Kano a 1998 kuwa, idan kwafin takardarsa ya ƙare a kasuwa, fayil ɗinsa yana cikin injin da ba wanda ya san ko zai sake kunnuwa. Adabin kasuwar Kano, da jaridu da mujallun Hausa na farkon zamanin kwamfuta, da kundayen da ɗalibai suka rubuta a sassan Hausa na jami'o'i, tarihin harshe ne na shekara ashirin ko fiye, kuma wani yanki nasa yana rataye da faifan ajiyar da ke juyawa tun zamanin XP.

Aikin ceton ba ya buƙatar kwangilar biliyoyi. Rubutun da aka yi da tsohon samfurin haruffa, gyaransa sauya alamomi shida ne, manyan haruffa uku da ƙanana uku, da umarnin nema da musanyawa da ke cikin kowace manhajar rubutu, sai dai a kula da inda marubucin ya yi amfani da baka-biyu na gaske. Fayilolin PageMaker ana buɗe su a tsohon injin ko a cikin taga, a fitar da rubutun zalla a Unicode, a kuma fitar da hoton shafukan a PDF. LibreOffice tana iya buɗe fayilolin PageMaker da na CorelDRAW, ko da tsarin shafin bai fito daidai ba rubutun yakan tsira. Ɗalibi ɗaya da aka koya wa zai iya gama littafi a yini. Cibiyar Nazarin Harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, da sassan Hausa na Zariya da Sakkwato da Yamai, da reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya na Kano, su ne suka fi kowa sanin marubutan da maɗaba'un, kuma su za a fi amince wa a miƙa musu tsofaffin faya-fayai tare da yarjejeniyar kare haƙƙin mai littafi.

Hukumomi kuma suna da nasu aikin. Duk ma'aikata ko asibiti ko makarantar da za ta sayi manhaja ko injin da kwamfuta ke tafiyarwa, ya kamata takardar kwangila ta faɗi shekarun da mai sayarwa zai yi yana sabunta direba, ta kuma wajabta cewa za a iya fitar da bayanan a tsarin da kowa ke iya buɗewa. Irin waɗannan tsare-tsare suna nan: PDF/A ya zama ma'aunin duniya na adana takardu a 2005, OpenDocument a 2006. Hukumar NITDA tana da hurumin fitar da ƙa'idojin fasahar sadarwa ga ma'aikatun gwamnati, kuma wannan sharaɗi layi biyu ne a takarda.

Wani wa'adin ma an riga an sanar da shi. Microsoft ya ce zai yi ritayar manhajarsa ta Publisher a Oktoban 2026, kuma masu biyan kuɗin Microsoft 365 ba za su ƙara iya buɗe fayilolinta da ita ba. Shagunan da suka tara katunan ɗaurin aure da takardun shaidar makarantu da kalandun masallatai a Publisher, kamfanin da kansa ya shawarce su da su mayar da fayilolin PDF ko Word kafin ranar.